Baƙon Raudli da Akushin Madara

A shekarar da aka kafa injin jan mutane zuwa saman dutsen Raudli ne, ko kuwa wadda ta biyo bayanta, don shekarun nan sun fara manne wa juna a kaina kamar shafukan littafin da ruwa ya jiƙa. Abin da dai na tabbata shi ne, a shekarar ce gwiwar Torjus ta ce ta gaji, kuma a cikinta ne Hilmar ya buga ƙirji ya ce shi zai sauko da akushi.

Kowace Asabar ta bikin Ista, kafin a buɗe tseren ƙanƙara, mutum ɗaya kan sauko daga saman gangaren a kan katakon siki, dogon katakon nan da ake ɗaurawa a kowace ƙafa a zame kan dusar ƙanƙara, ba sanda a hannunsa, sai akushi cike da madara. Yana isowa ya miƙa wa matar da ta fi kowa tsufa a ƙauyen, ta kurɓa, sannan a fara wasa. Saukowar kuwa irin ta kakanni ce, wadda ake kira telemark: diddige a sake, ƙafa ɗaya gaba ɗaya baya, a kowace kwana mutum ya rusuna kamar mai gaida surukai. Shekara talatin Torjus yana yi, bai taɓa zubar da abin da ya kai cikin cokali ba.

Shi kuwa Hilmar mutumin bakin teku ne. Aikin raba wasiƙu ya kawo shi kwarin Raudli, ya ga Bergit, ya aure ta, ya tare a gidan iyayenta. Shekara talatin da huɗu ke nan. A cikin shekarun nan surukarsa Gunnhild ba ta taɓa kiran sunansa ba ko sau ɗaya. “Baƙo, miƙo gishiri.” “Bergit, gaya wa baƙonki ya rufe ƙofa.” An ce baƙo raɓa ne, to wannan raɓa ta yi furfura ba ta bushe ba. Ga shi yanzu Gunnhild ce ta fi kowa tsufa a Raudli, shekararta casa'in da uku, akushin ma na gidansu ne tun kaka da kakanni. Hilmar ya lissafa a ransa: ranar da ya durƙusa gabanta da akushi cike, a gaban mutum ɗari uku, dole bakin nan ya furta Hilmar.

A kantin ƙauye, inda dattawa kan zauna shan kofi kusa da murhu, Torjus ya shafa gwiwarsa ya ce, “Bana kam sai a nemi wani. Tun da aka sa injin nan, samarin birni sun sassaƙe gangaren, ya zama tudu bayan tudu kamar garken tumaki a kwance. Ƙafata ba za ta iya ba.”

Kowa ya kalli cikin kofinsa. Hilmar ya ture kujera ya miƙe.

“To ga ni.”

“Ga ka ina?” in ji Torjus.

“Ga ni zan sauko da shi. Tuddai? Mutumina, ni a kan igiyar ruwa aka haife ni. Na taɓa tsayawa a jirgin kawuna, teku tana tashi kamar coci, ina riƙe da kofin kofi, ko ɗigo bai zuba ba. Tudun da ba ya ko motsi ne zai ba ni tsoro?”

“Shi ba ya motsi,” in ji Torjus. “Kai ne za ka yi.”

Aka yi dariya, amma da yake ba wanda ya ɗaga hannu, shugaban ƙungiyar wasan, wani dogo mai jan gemu wanda sunansa ya ɓace mini, ya rubuta Hilmar a takarda. Har ya rubuta yana girgiza kai.

Aka fara gwaji a gida. Ranar farko Hilmar ya sa safa, ya cika kwano da miyar wake, ya riƙa zamewa daga ƙofar kicin zuwa ƙasan matakala, yana rusunawa dama, yana rusunawa hagu. A rusunawa ta huɗu gwiwarsa ta yi ƙara, miya ta tafi bango, wake ya watsu har cikin takalman baƙi.

Bergit ta fito da tsumma a hannu. “Maigida, wannan abincin rana ne fa.”

“Ai gwaji ne. Duk gwani da ɓarna ya fara.”

“To gwani, ga tsumma.”

Daga saman matakala muryar Gunnhild ta sauko. “Me ya faɗi?”

“Ba komai, Inna. Miya ce.”

“Na ɗauka baƙon ne. Miya kam asara ce.”

Kashegari ya hau gangaren da robar ruwa. Ya tunkari tudun farko, ya rusuna har gwiwarsa ta taɓa katako, ya tsaya a haka kamar mai neman aure, yana jiran kwana ta zo da kanta. Ba ta zo ba. Tudu na biyu ne ya zo, ya ɗaga shi, na uku ya karɓe shi da fuska. Ya koma sama, ya cika roba. Sau tara yana yi, sau tara ruwan na ƙarewa a gemunsa da wuyan rigarsa.

Torjus yana gefe a kan sandarsa, tausayi ya kama shi. “Maƙwabci, saurara. Kada ka zauna a rusune, taɓawa ake yi a tashi. A ƙoƙon tudu, can samansa, ake juyawa, inda katako ba shi da nauyi. Ka sauya ƙafa tun kafin tudu ya sauya maka ita. Ƙirjinka ya kalli kwari, gwiwa ta shanye tudun, idonka kuma a kan na uku a gaba, kada ka kalli na ƙarƙashinka.”

Hilmar ya tofar da ƙanƙara. “Torjus, wa ke koya wa kifi iyo?”

“Ba kowa. Amma ka taɓa ganin kifi a kan dutse?”

“Faɗuwar nan da kake gani da gangan ce. Ina auna taurin kowane tudu ne.”

“Da hancinka?”

A kan hanyar gida, yana ɗingishi, sai dabara ta faɗo masa, har biyu a jere, ya tsaya tsakiyar titi ya yi dariya shi kaɗai. Matsala guda biyu ce kawai, in ji shi a ransa: katako na gudu, madara na motsi. To a hana katako gudu, a hana madara motsi. Shekara ɗari biyu mutanen kwarin nan suna wahalar da gwiwoyinsu, sai da mai ƙwaƙwalwa ya zo daga bakin teku.

Da yake kanti a rufe yake ranakun Ista, tun ranar Laraba ya shiga ya ce a ba shi klista guda uku, wato danƙon nan mai kamar zuma da ake ɗan shafawa a tsakiyar katako idan ƙanƙara ta jiƙe, don ya kama ƙasa wajen hawa.

Mai kanti ta dube shi ta saman tabarau. “Uku? Kwale-kwale za ka liƙe?”

“Sirrin sana'a ne.”

“Rediyo ta ce sanyi zai dawo ranar Juma'a, da sabuwar dusar ƙanƙara. Ka dai sani ko?”

“Ni na fi rediyo sanin sama. Ɗan masunta ne ni.”

Duk wanda aka haifa a kwarin nan, tun kafin ya iya ɗaura takalmi ya san cewa klista da sabuwar dusar ƙanƙara ba a haɗa su. Mai kanti ta buɗe baki za ta faɗa, sai ta ga yadda ya ɗaga hanci, ta sa masa a leda ta ce Allah ya ba da sa'a.

Juma'a da rana ya kulle kansa a rumbun itace, ya matse duka ukun, ya shafe katakan tun daga hanci har wutsiya. Klista kuwa ba ta san iyaka ba. Ta kama safar hannunsa, ta kama gemunsa, ta kama mariƙin ƙofa. Da ya shigo gida, shafin jarida na biye da shi a ɗuwawu, gashin kyanwa ya rufe masa hannun riga.

“Me ya sa labarin wasanni ke binka?” in ji Bergit.

“Don ya san gobe ni ne a ciki.”

Da matan suka tafi coci sauraron waƙoƙin yamma, ya sauko da akushin daga saman kabad. Tsohon itace ne, an zana masa furanni ja da shuɗi, da wata shekara a gefe wadda na taɓa karantawa da idona, sai dai yanzu ba zan rantse ko bakwai ce ko tara a ƙarshenta ba. Ya cika shi da madara har baki, ya buɗe babbar firiza, ya ture naman farauta gefe, ya ajiye shi a hankali, ya rufe.

Asabar ta waye da sanyi mai yanka kunne, sabuwar dusa ta rufe komai kamar an barbaɗa gari. Hilmar ya matsa cikin kayan bikinsa, wando iya gwiwa mai maɓallan azurfa, wanda aka ɗinka masa tun yana da ƙugu. Ya ɗauko akushin, madara ta zama dutse. Ya zuba cokali biyu na sabuwar madara a sama don ta yi sheƙi, ya rufe da farin ƙyalle.

A gindin gangaren mutane sun cika, ana ɓare lemo, ana zuba kofi, tutoci na kaɗawa. An shimfiɗa wa Gunnhild fatar tunkiya a kujera a sahun gaba, limamin coci a damanta, Bergit a hagunta. Torjus kuwa, tun da ba shi da aiki bana, aka ba shi lasifika.

Aka kai Hilmar sama a babur ɗin ƙanƙara. Mai jan gemu ya ɗaga ƙyallen ya duba.

“Ikon Allah. Duk tsallen da babur ɗin nan ya yi, madarar ko motsi ba ta yi ba.”

“Hannun gwani ke nan,” in ji Hilmar. “Matsa.”

Ya ɗaura katakansa, ya riƙe akushi da hannu biyu, aka busa ƙaho. Ya tura jikinsa gaba. Jikin ya tafi, katako bai tafi ba. Da ƙyar ya dawo da kansa. Ya sake turawa. Shiru, kamar an kafa shi da ƙusa.

“Jama'a,” in ji Torjus a lasifika, “gwani yana nazarin hanya.”

Hilmar ya ɗaga ƙafar dama ya taka. Dusa ta manne a ƙasan katakon, kauri kamar burodi. Ya ɗaga ta hagu, ita ma haka. Ya sake takawa, burodi ya zama biyu. Kafin ya kai tudu na uku ya ƙara tsawon taƙi guda, yana tafe yana ɗaga ƙafa sama-sama kamar zalɓe a fadama. Amma bai manta al'ada ba: duk taku uku sai ya tsaya ya rusuna, ya kalli jama'a, ya ci gaba.

“Wannan salon bakin teku ne,” in ji Torjus. “Ana ce masa a hankali kada kifi ya farka. Mai son ƙarin kofi ya je ya dafa, akwai lokaci.”

“Na ji ka, Torjus!” Hilmar ya yi ihu daga sama. “Hassada ce!”

“Ai ni ma na ji ka, maƙwabci. Ka matso dai, Ista na ƙarewa ranar Litinin.”

A ƙasa Gunnhild ta kare ido da hannu. “Bergit, hawa yake yi ko sauka?”

“Sauka, Inna.”

“To me ya sa yake ƙara tsawo?”

Bergit ta ja hularta ta rufe rabin fuska.

Haka ya yi ta takawa har tsakiyar gangaren, inda ya fi tsayi, inda iska ta share dusar ta bar bayan wani tudu tas kamar gilashi. Ya ɗora ƙafar dama a kai. Dunƙulen da ke ƙasan katakon ya ɓalle gaba ɗaya. Klista kuwa in ta samu ƙanƙara mai santsi ba ta da gardama. Katakon dama ya tafi kwari da gudu, na hagu yana nan kafe a inda yake.

An yi rusunawa a gangaren Raudli tun kafin a haifi kakannin kowa, amma ba a taɓa ganin mai zurfin wannan ba. Ƙafa ɗaya a tudu na tara, ɗaya a na takwas. Sai aka ji wata ƙara, kyaaat, ta bi kwarin ta dawo. Wandon bikin ya rabu biyu daga gaba har baya, maɓallan azurfa suka yi tsalle, jan dogon wandon ulu na ciki ya fito yana gaida jama'a.

Nan ƙafar hagu ita ma ta ɓalle. Abin mamaki, tudu uku a jere Hilmar ya yi telemark na gaskiya, ƙafafu na sauyawa da kansu don neman tsira, shi kuwa yana ihu yana kiran uwarsa da ta rasu shekara ashirin. Torjus har ya sauke lasifika ya buɗe baki. Na huɗunsu ne ya ce ya isa haka. Ya cilla shi sama, katako ɗaya gabas ɗaya yamma, ya faɗo rub da ciki, hannuwa a miƙe gaba da akushi.

Akushin bai bar hannunsa ba. Madarar ce ta bar akushin.

Ta fito sukutum, fara sol, mai siffar ƙwarya, ta dira a kan bayanta mai santsi, ta kama hanya. Ta kewaye tudu ta dama, ta shiga rami, ta fito ta hagu, ta taɓa ƙoƙon na gaba ta juya, ba gaggawa ba tuntuɓe. Kawunan mutum ɗari uku suka riƙa binta dama da hagu. Ta sauko fili, ta rage gudu, ta yi wani ɗan juyi na ƙarshe, ta tsaya daidai bakin takalmin Gunnhild.

Torjus ya gyara murya. “Jama'a, madara ta iso lafiya. Muna jiran akushi.”

Sai wurin ya fashe. Wani ya zube ƙasa yana dukan ƙanƙara da hannu. Limamin coci ya cusa safar hannu a baki, kafaɗunsa na rawa. Mai kanti tana hawaye tana cewa, “Na so in gaya masa, wallahi na so in gaya masa!”

Ana cikin haka akushi ya iso, Hilmar na bayansa a kan ciki, ya share rabin gangaren da gemu. Ya tsaya kusa da madarar. Ya yi ƙoƙari ya durƙusa, ya miƙa akushi wayam ga surukarsa.

“Inna, ga shi. Ko ɗigo bai zuba ba.”

Gunnhild ta kama gefen akushin ta ja. Bai zo ba. Ta sake ja, Hilmar ya biyo. Klistar da ke safar hannunsa ta riƙe itacen gam.

“Sakar mini kayana.”

“Inna, na saki. Shi ne bai sake ni ba.”

Tsohuwar ta ƙyale shi, ta sa sandarta ta ƙwanƙwasa madarar, ta ji ƙas-ƙas. “Shekara tamanin ina kallon masu saukowa daga dutsen nan,” ta ce, “ban taɓa ganin mai juyi da kyau kamar wannan ba. Bergit, ɗago mini ita.” Bergit ta ɗago da hannu biyu, tsohuwar ta lasa gefe ɗaya, ta goge baki. “An sha. A fara wasa.”

Hilmar yana durƙushe, dusa na narkewa a wuyansa. Ba ta dube shi ba, ba ta kira kowane suna ba. Ya sunkuyar da kai yana kallon furannin akushi, ya ga shekara talatin da huɗu na neman zama talatin da biyar.

A bayan kujerar akwai wata mata daga birni, cikin masu zuwa hutun Ista, da baƙin tabarau da riga mai ƙyalli. Tana riƙe da cikinta don dariya ta ce da ƙarfi, “Kai, wannan wawan kuma daga ina aka samo shi? Ai irin wannan a ɗaure ya kamata a ajiye shi!”

Gunnhild ta juya a hankali, kujera da ita gaba ɗaya, ta auna matar daga tabarau har takalmi.

“'Yar nan, ke 'yar gidan wa ce?”

“Ni? Daga birni na zo, Kaka.”

“To ki yi dariyarki ƙasa-ƙasa. Wawayen Raudli mutanen Raudli ke zaginsu.” Ta juyo ta buga sanda a ƙasa. “Hilmar! Tashi ka rufe bayanka, kana kunyata gidanmu a gaban baƙi.”

Hilmar ya ɗago kai kamar wanda aka watsa wa ruwa. Ya miƙe zumbur, akushi manne a hannu.

“Bergit! Kin ji? Ta ce Hilmar! Ta ce gidanmu!”

“Na ji, duk kwarin ya ji. Tsaya in ɗaura maka gyale.”

“Torjus! Faɗa a lasifika! Faɗa musu abin da ta ce!”

“Maƙwabci,” in ji Torjus, “ka bari a ɗaura gyalen tukuna.”

Ina! Hilmar ya riga ya juya ya fuskanci jama'a, ya ɗaga akushi sama, ya sunkuya musu har ƙasa irin ta gwanaye. Da yake jama'ar na gabansa, abin da ya rage na wandon bikin da jan ulun da ke ciki suka fuskanci surukarsa da limamin coci, taƙi biyu daga hancinsu.

Gunnhild ta rufe ido, ta ja dogon numfashi.

“Ka gani ko, Malam,” ta ce wa limamin. “Da baƙo ne, yau ɗin nan zan kore shi. To namu ne, sai haƙuri.”